Yisti Mai Cuta: Abin Da Ke Sa Sakamakon Awo Ya Ɗauki Kwanaki

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a wani babban asibiti, ko a Ikko ne, ko Badun, ko Fatakwal, ko kuwa nan gida Kano da Zariya, ya san maganar nan ta ma'aikatan ɗakin awo: "A dawo jibi." Jibin ta zo, a ce lalle wani abu ya tsiro, amma ba a san sunansa ba tukuna, a ƙara haƙurin kwana biyu. Mutum ya rufe tiredarsa, ko ya bar wa yaro buhunan albasarsa a kasuwa, ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ga majiyyaci yana kwance. Dole ransa ya ɓaci, har ya ɗauka sakaci ne.

Galibi kuwa ba sakaci ba ne. Akwai ƙwayoyin cutar da ba a sanin ko su wane ne sai an shuka su, an jira sun tsiro, sa'an nan a bi su da gwaji iri iri. Cikinsu har da waɗanda likitoci ke kira yisti. Za mu bi aikin daki daki, domin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi su san abin da ake yi da jinin nan ko ruwan nan da aka ɗiba, da dalilin da ya sa likita ke nacewa sai an gaya masa sunan ƙwayar.

YISTIN BURODI DA DANGINSA

Yisti dai kowa ya san shi, shi ne masu gidan burodi da masu fanke da waina ke zubawa ƙullu ya kumbura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rai gare shi. Halitta ce 'yar mitsitsiya daga dangin fumfuna, wadda sai an jera kamar 200 kafin su cika milimita ɗaya. Na burodi ba ruwansa da mu. Amma yana da 'yan'uwa da ake kira Kandida, waɗanda ke zaune a bakinmu, da hanjinmu, da fatarmu, da gaban mata, tun muna jarirai. Muddin jiki na da ƙarfi ba sa yin kome.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu tsagaggen bango a nan su ne mai ƙanjamau da bai fara shan magani ba ko ya daina, da mai ciwon sukari da ya yi yawa, da wanda ake yi wa maganin ciwon daji, da jariri bakwaini, da wanda ya daɗe a asibiti da robar ƙarin ruwa a jijiya ko robar fitsari. Haka kuma mai yawan haɗiyar kafso, irin su ja da yalo, ba da umurnin likita ba. Kafson yakan kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tare wa yisti hanya, shi kuwa yistin ko a jikinsa, sai ya sami fili ya yaɗu.

Mafi sauƙin cutar shi ne farin abin nan kamar kindirmo da ke kwanciya a harshe, ko ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri a gaban mace, wanda mata ke haɗawa da sauran larurori su kira sanyi. An ƙiyasta mata uku cikin huɗu kan gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwa. Mafi muni kuwa shi ne in ƙwayar ta faɗa cikin jini ko ta hau ƙwaƙwalwa. Nan kam magana ce ta rai da ajali.

To, ina amfanin sanin suna, tun da duka yisti ne? Amfanin shi ne magani. Wanda ya fi araha, aka fi samunsa a ko'ina, shi ne fulukonazol. Yana aiki sosai a kan irin da aka fi gani, wanda a takardar sakamako ake rubuta shi Candida albicans. Amma akwai wani iri, Candida krusei, wanda tun asalin halittarsa fulukonazol ba ya taɓa shi. Akwai kuma Candida glabrata, wanda sau da yawa ba ya jin maganin sai kaɗan. Ka ga ke nan in an ba mai kurusai fulukonazol, an kashe kuɗi, an ɓata kwanaki, cuta kuwa tana nan tana cin jiki. Masana sun sake wa wasu daga cikin waɗannan suna a 'yan shekarun nan, amma tsofaffin sunayen aka fi gani a takardun asibiti.

KALLON FARKO DA SHUKA

Abu na farko da ma'aikaci ke yi shi ne duba abin da aka kawo a madubin likita, kuma wannan ba ya wuce 'yan mintoci. In kankarar fata ce ko farce, sai ya ɗiga mata wani ruwa mai kaifi, dangin ruwan toka da ake sabulu da shi, ya narke naman ya bar ƙwayar. In ruwa ne ko mugunya, sai ya shafa a gilashi ya rina da rinin da wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Gram ya ƙago a 1884. Yisti yakan fito shuɗi mai duhu, kamar ƙwai, da ɗan ƙarami yana toho a gefensa kamar goyo. Daga nan ana iya cewa yisti ne. Ba a iya cewa wane ne, domin a wannan kallo kusan duk kamarsu ɗaya.

Sai shuka. Ana shuka su ne a faranti mai murfi, a kan wani abinci daskararre mai sukari da ɗan tsami, wanda wani likitan fata Bafaranshe, Raymond Sabouraud, ya haɗa a 1892. Har yau sunansa ake kiran abincin da shi, watau Saburo. Tsamin yana danne bakteriya, akan kuma ƙara maganin kashe su domin kada su cinye gonar. Sai a sa farantin a akwatin ɗumi. Bayan awa 24 zuwa 48 sai ka ga ɗigo-ɗigo farare masu sulɓi kamar man shanu, suna ƙanshin ƙullun burodi. Wannan ita ce jibin farko, kuma babu mai iya hanzarta ta. In wutar lantarki ta ɗauke akwatin ya huce, to, jibin ma takan koma gata.

Jini ya fi haka wuya. Sai an zuba shi a kwalba ta musamman an ajiye har kwana biyar ana dubawa, kuma duk da haka kamar rabin masu wannan cuta a can cikin jiki ne kawai kwalbar ke kamawa. Shi ya sa likita kan sake ɗiban jini sau biyu ko uku, ba don son wahalar da majiyyaci ba.

A nan akwai abin lura. Ganin yisti a majina ko kaki ko miyau ba lalle ya zama cuta ba, tun da dama can gidansa ne. A fitsarin mai roba ma sau da yawa da an cire robar sai ya tafi. Amma in an gan shi a jini ko a ruwan ƙashin baya, babu likitan da zai ce a bari a gani.

GWAJIN AWA UKU

Da yisti ya tsiro, tambayar farko ita ce: albikans ne ko wani? Gwajin da ke amsa wannan wasu masana a Amurka suka bayyana shi a 1960, kuma a ganina babu gwajin da ya fi shi dacewa da ƙaramin asibiti. Ana ɗaukar rabin mililita na ruwan jini, watau ruwan nan mai kalar rawaya da ke tasowa sama bayan jini ya daskare, a taɓo yistin kaɗan a dama a ciki, a ajiye a ɗumin digiri 37, daidai ɗumin jikin mutum. Bayan awa biyu zuwa uku a duba. Albikans zai ɗauka ya shiga jikin mutum ne, sai ya fito da wata 'yar jela siririya, miƙaƙƙiya, wadda ba ta da maƙogwaro a inda ta haɗu da uwar. Sauran irin ba sa yin haka cikin wannan lokaci.

Sai dai gwajin yana son mai kula. In an yi mantuwa aka bar shi ya wuce awa uku, wasu irin ma sukan fara miƙo zare, mai gaggawa ya ce albikans ne. In kuma an cika yistin da yawa a cikin ruwan, jelar ba ta fitowa. Har ila yau a 1995 masana a birnin Dublin na ƙasar Ailan suka gano wani iri a bakin masu ƙanjamau, wanda shi ma yana fitar da jelar, suka sa masa sunan garinsu, Candida dubliniensis. Ana raba su da zafi: albikans yana tsirowa a digiri 45, na Dublin kuwa da ƙyar ko ma sam.

In jela ba ta fito ba, sai a koma ga garin masara. Haƙiƙa garin masara ne, ake dafa shi a tace a daskarar a faranti, a ƙara wani ruwa mai kamar sabulu. Abinci ne marar daɗi ga yisti, kamar a ba mutum tuwo ba miya, kuma yunwar ce ke sa kowane iri ya nuna halinsa. A karci farantin da yistin, a rufe da ɗan siririn gilashi, a bar shi a ɗumin ɗaki kwana biyu ko uku. Albikans zai yi zare mai gaɓa-gaɓa kamar kara, da wasu manyan ƙwallaye masu kaurin bango a ƙarshensa. Gilabarata ba ya yin zare ko kaɗan, sai ƙananan ƙwayoyi a cunkushe. Karanta wannan faranti sai wanda idonsa ya saba, kuma irin wannan ƙwarewa ba a samunta a shekara ɗaya.

Daga 1994 aka sami sauƙi, sa'ad da wani kamfanin Faransa ya fito da farantin da ake kira CHROMagar, mai sa kowane iri ya rina kansa. Bayan awa 48 albikans ya fito kore, Candida tropicalis shuɗi, kurusai ruwan hoda, a baje, da kaushi. Babban amfaninsa shi ne in iri biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, launi zai tona asirinsu, alhali a farantin Saburo duka farare ne. Amma sauran irin da yawa launinsu ɗaya ne, tsakanin fari da ruwan hoda, ba a iya yanke hukunci da shi.

Waɗannan sai a gwada abin da suke ci. Akwai wani ɗan dogon faranti na roba mai suna API 20C, mai rami 20. Rami 19 kowane da irin nasa sukarin, ɗaya kuwa fanko domin kwatance. A zuba yistin a duka, a duba bayan awa 48, a sake dubawa bayan 72. Ramin da ya yi gurɓi, an ci sukarinsa ke nan. A haɗa waɗanda aka ci da waɗanda aka ƙi su ba da lamba mai alƙaluma bakwai, a duba lambar a kundin kamfanin a sami suna. Mai karatu ya lissafa: kwana biyu na shuka, uku na wannan, in kuma za a gwada wane magani ke kashe shi a ƙara ɗaya ko biyu. Mako ya kusa cika.

BAƘON DA KE RUƊA NA'URA

A 2009 likitoci a Japan suka ba da labarin wani sabon yisti da suka samu a kunnen wata majiyyaciya, suka kira shi Candida auris, domin auris kunne ne da Latin. Cikin 'yan shekaru sai ga shi a jinin majiyyata a Indiya, da Afirka ta Kudu, da Kenya, da Ingila, da Amurka. A 2022 likitocin Nijeriya ma suka buga rahoton samunsa a ƙasar nan.

Halinsa daban ne. Yana maƙalewa a gado da ƙarfen ƙarin ruwa da sauran kayan asibiti har makonni, yana tsallakawa daga wannan majiyyaci zuwa wancan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kimanin kashi 90 bisa ɗari na waɗanda aka gwada a can ba sa jin fulukonazol. Abin da ya fi damun ma'aikatan awo kuwa shi ne tsofaffin gwaje-gwajen nan sukan ba shi sunan wani. Farantin mai rami 20 yakan kira shi da sunan wani jan yisti, alhali shi ba ja ba ne. In ma'aikaci bai lura ba, takarda ta fita da sunan ƙarya, ba a ware majiyyacin ba, a wayi gari ɗakin ya kamu.

Na'urar da ke gane shi sosai ita ce ake kira MALDI-TOF. Ana shafa ɗan yistin da ya tsiro a kan farantin ƙarfe, a harbe shi da hasken lesa, sai gutsattsarin furotin ɗinsa su tashi su yi tsere a cikin wani bututu, marasa nauyi su riga isa. Tsarin isowarsu kamar zanen yatsa ne, kowane iri da nasa, kwamfuta ta kwatanta da waɗanda ke ajiye a cikinta ta faɗi suna cikin mintoci. Sai dai na'urar tsada gare ta ƙwarai, tana son wuta marar yankewa, kuma ita ma sai an riga an shuka yistin ya tsiro. Inda babu ita, akan yi zargin auris in yistin ya tsiro a digiri 42 kuma ya jure gishiri mai yawa, sa'an nan a aika da shi babban ɗakin awo a tabbatar.

Saboda haka in ka karɓi takarda ka ga an rubuta Candida species kawai, ka sani an tabbatar da dangin ne, ba a kai ga sunan ba. In cutar a jini take, ko an sha magani ta ƙi tafiya, ba laifi ba ne ka tambayi likita ko za a ci gaba da binciken. Kuma a gaya masa gaskiya in an riga an sha wani abu daga kemis, domin maganin yakan hana ƙwayar tsirowa a faranti alhali tana nan a jiki.

SANƘARAU MAI TAFIYAR HAWAINIYA

Akwai wani yistin da ba dangin Kandida ba, sunansa Cryptococcus neoformans, bari mu kira shi Kiriftokokus. An fara ganinsa a 1894, wani Ba'italiye mai suna Sanfelice a ruwan 'ya'yan itace, wasu likitoci biyu a Jamus kuma a ƙashin ƙaurin wata mata. A 1955 wani masani a Amurka, Chester Emmons, ya nuna cewa tsohon kashin tantabaru yana daga cikin manyan matattararsa. Masu kiwon tantabaru kada hankalinsu ya tashi, mai lafiya yana shaƙar ƙurar kome bai same shi ba. Amma wanda garkuwarsa ta faɗi, kada a ba shi sharar ɗakinsu.

Ta huhu yake shiga, ya hau ƙwaƙwalwa ya jawo sanƙarau. Ba irin sanƙarau ɗin bazara da muka sani a Arewa ba, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996, mai kā da mutum cikin yini ɗaya. Wannan a hankali yake zuwa: ciwon kai na mako biyu ko uku da ya ƙi jin magani, sai amai, sai gani ya dushe, sai ruɗewa har a ce iska ce. Allurar sanƙarau ɗin da aka saba ba ta yi masa kome. An ƙiyasta a 2020 ya kama mutum 152,000 masu ƙanjamau a duniya, ya kashe 112,000, watau kusan ɗaya cikin biyar na dukan waɗanda ƙanjamau ta yi ajalinsu a shekarar, kuma akasarinsu a Afirka suke. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 mafiya haɗari, ta sa shi a sahun farko tare da auris da albikans.

Tsohon gwajinsa da tawada ake yi. Kiriftokokus yana sanye da wata riga mai kauri mai yauƙi wadda Kandida ba shi da ita. In an ɗebo ruwan ƙashin baya, sai a haɗa ɗigo ɗaya da ɗigon baƙar tawada da ake kira ta Indiya. Baƙinta na ƙunƙunniya ne, kamar dai tawadar da almajirai ke dafawa da ƙaro. Tawadar ta baƙanta ko'ina amma ta kasa ratsa rigar, sai ka ga ƙwayar a tsakiya da farin da'ira kewaye da ita, kamar wata ya yi sansani. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Sai dai tana kama kamar takwas ne cikin goma na masu ƙanjamau, a wasunsu kuwa kamar rabi, kuma a farkon cuta, lokacin da magani ya fi amfani, a nan ta fi kuskurewa.

In an shuka shi yakan tsiro cikin kwana biyu ko uku, da yauƙi kamar majina. Yana narka sinadarin yuriya ya mai da abincin gwaji ruwan hoda, abin da albikans ba ya yi. A 1962 kuma wani Bajamushe mai suna Staib ya gano cewa a kan abincin da aka haɗa da wata 'yar ƙwayar mai da ake ba tsuntsaye, shi kaɗai ke komawa ruwan ƙasa. Turawa na kiran ƙwayar da suna mai kama da na Nijar, amma Habasha ce asalinta.

Babban sauyi ya zo a 2011, da aka fito da wani ɗan tsinken gwaji kamar na awon ciki ko na zazzaɓin cizon sauro. Ba ƙwayar yake nema ba, ɓurɓushin rigarta yake nema a jini ko a ruwan ƙashin baya. Minti goma ya ba da amsa, ba ya son firji, ba ya son lantarki, kuma da wuya ya kuskure. Abin da ba ya iya faɗa shi ne ko an warke, domin ɓurɓushin yakan daɗe watanni a jiki bayan ƙwayar ta mutu. Wannan sai shuka. Amma yana ganin ɓurɓushin a jini makonni kafin ciwon kai ya fara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai ƙanjamau da ƙidayar garkuwarsa, wadda ake kira CD4, ta gaza 100 a yi masa wannan gwaji ko da ba ya jin kome, kuma ana iya yi wa wanda tasa ta gaza 200. Wannan ya shafi mutanenmu masu zirga-zirga tsakanin Kurmi da gida, waɗanda tafiya kan sa maganinsu ya yanke watanni. Wanda ya dawo asibiti bayan irin wannan yankewa ya tambaya a auna masa.

In gwajin jini ya nuna akwai, likita zai nemi ɗiban ruwan ƙashin baya, kuma a nan dangi kan ja da baya don tsoron shanyewar ƙafa. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ɗiban ruwan kansa yana rage matsin da ke cikin kai, wanda shi ne ke makantar da masu wannan cuta yana kashe su. In ruwan ya fito ba ƙwayar, fulukonazol na sha ake bayarwa. In tana ciki, tsarin da hukumar ta amince da shi a 2022 shi ne ƙarin ruwa guda ɗaya mai ƙarfi na maganin amfoterisin, irin wanda aka lulluɓe da maiƙo, tare da fulusaitosin da fulukonazol na kwana 14, sa'an nan a ci gaba da fulukonazol aƙalla shekara guda.